MAIKEL FARADAY, ƊAN MAƘERIN DA YA BINCIKI MA'AJIN LANTARKI

Wanda duk ya taɓa tsayawa wurin mai gyaran rediyo ko fanka, ya ga an buɗe cikinsu, lalle ya ga waɗansu 'yan abubuwa, wani kamar guntun kara, wani kamar ƙaramin gwangwani, kowanne da ƙafafu biyu na waya. Masu sana'ar su kan kira su kwandensa ko kafasita. Mu a nan za mu kira su ma'ajin lantarki, don aikinsu ke nan, su karɓi lantarki su riƙe, sa'an nan su sake shi sa'ad da aka bukace shi. Sau da yawa in ka duba jikin ɗayansu za ka ga lamba, a ƙarshenta da harafin F. Wannan harafi shi ne farkon kalmar farad, watau ma'aunin da a ke auna cin ma'aji da shi, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu. Kalmar kuwa an yanko ta ne daga sunan wani Bature mutumin Ingila, Maikel Faraday. Labarinsa mu ke so mu ba 'yan'uwa, da dalilin da ya sa masana suka ga ya cancanta a rubuta sunansa a jikin wannan ɗan abu.

An haife shi ran 22 ga watan Satumba, 1791, a wata unguwa da a ke kira Newington Butts, kudu da kogin da ya ratsa birnin Landan. Ubansa maƙeri ne, ya taso daga arewacin Ingila ya zo neman abinci, ga shi kuwa ba shi da cikakkiyar lafiya, sau da yawa ya kan wuni bai hura wuta a maƙera ba. 'Ya'yansa huɗu, Maikel ne na uku. A shekarar 1801, da hatsi ya yi tsada, sai da ta kai a kan ba yaron burodi guda ɗaya ya yi mako yana gutsura. Abin da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan ƙidaya ba. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, gama har ya mutu bai iya lissafi mai zurfi ba, kuma rashin nan yana da hannu cikin dukan abin da za mu faɗa a gaba.

Yana da shekara 13 aka sa shi aike a shagon wani mai sayar da littattafai, George Riebau. A 1805 maigidan ya ɗauke shi koyon ɗinkin littattafai da sa musu bango, a kan zai yi shekara 7. To, yara da yawa sun ɗinka littattafai a Landan ba su san abin da ke ciki ba, amma shi wannan in an kawo littafi gyara sai ya karance shi, maigidan kuma, mutumin kirki, bai hana shi ba. Cikin abin da ya shiga hannunsa akwai littafin wata mace, Jane Marcet, wanda ya ke bayanin ilmin sinadarai ta hanyar taɗi, da kuma babban kundin nan na ilmi, Encyclopaedia Britannica, inda ya tarad da dogon babi a kan lantarki. Bai yarda da abin da ya karanta ba sai ya gwada. Ya sami tsohuwar kwalba da guntayen katako ya harhaɗa na'urar da a ke murzawa ta fid da tartsatsi, irin tartsatsin nan da mu kan ji in mun tuɓe riga da dare lokacin hunturu.

Cikin wannan babi ne ya gamu da labarin kwalbar Laidin, wadda ita ce kakar dukan ma'ajin lantarki. A 1745 wani malamin coci a ƙasar Jamus, sa'an nan a farkon 1746 wani shehun malami a garin Laidin na ƙasar Holan, kowannensu ya gano abu guda ba tare da sanin ɗan'uwansa ba. In an zuba ruwa a kwalba, aka tsoma waya ciki, aka riƙe kwalbar a hannu ana ɗura mata lantarki ta wayar, to, duk wanda ya taɓa wayar da ɗaya hannun zai ji an fizge shi kamar an maka masa kulki. Abin ya zama wasan fada, har aka jera sojoji 180 gaban Sarkin Faransa suna riƙe da hannuwan juna, aka sakar musu kwalbar, suka yi tsalle gaba ɗaya. Daga baya aka bar ruwa, aka riƙa liƙa takardar ƙarfe a ciki da wajen kwalbar. Ka ga asirin ginin ke nan: ƙarfe biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu da wani abu da lantarki ba ya bi. Binyamin Firanklin na Amurka, wanda ya sa wa lantarki iri biyu sunan mai ƙari da mai ragi, ya juye ruwan kwalba wajen 1748 ya ga ƙarfin bai bi ruwan ba, ya ce lalle a jikin gilashin ya ke. Daga nan maganar ta kwanta shekaru da yawa.

Daga 1810 Faraday ya riƙa zuwa sauraron lacca da dare, sule guda kowace lacca, wansa Robat ne ke biya masa daga abin da ya samu a maƙera. A wannan shekara ubansu ya rasu. A 1812 wani mai ciniki a shagon ya ba shi tikitin shiga laccoci huɗu na Hamfiri Debi, wanda a lokacin babu masanin sinadarai da ya kai shi suna a Ingila, a wani gidan bincike da a ke kira Royal Institution. Yaron ya zauna ya rubuta abin da ya ji, ya zana hotunan kayan gwaji, ya ɗinke takardun da hannunsa suka zama littafi mai shafi fiye da 300, ya aika wa Debi tare da roƙon aiki, kowane iri ne. Ana nan sai yaron ɗakin gwaji na gidan ya yi faɗa aka kore shi. Ran 1 ga Maris, 1813, aka ɗauki Faraday a gurbinsa, sule 25 a mako da ɗakin kwana a saman bene, aikinsa wanke kwalabe da shirya kaya.

Cikin Oktoba na shekarar Debi ya tafi yawon ƙasashen Turai da shi, suka yi wata 18. Baran Debi ya ƙi tafiya, sai aikin bara ya faɗo kan Faraday, matar maigidan kuwa ba ta raga masa ba, ta kan sa ya ci abinci da barori. Ya yi niyyar gudowa gida, ya haƙura, haƙurin kuwa ya biya shi. Ya ga manyan masana na Faris, a Milan ta Italiya kuma cikin 1814 ya ga tsoho Bolta, mutumin da ya ƙago batir, wanda daga sunansa aka sami kalmar bolt.

Shekarun da suka biyo baya sai mu taƙaita, ko da ya ke kowace ɗaya ta isa labari. A 1821 ya auri Saratu Barnard, 'yar ƙaramar ɗariƙarsu ta Kirista, suka zauna lafiya har mutuwa, ba su haihu ba. A shekarar nan ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta yi ta kewaya maganaɗisu, mafarin injin lantarki ke nan. Aka yi masa ƙazafin ya saci dabarar wani, Debi bai kare shi ba, har ma ya yi ƙoƙarin hana a zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana ta Royal Society. Aka zaɓe shi duk da haka a 1824. Ran 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe ya nuna lantarkin ɗaya yana iya ta da lantarki a ɗayar, bayan 'yan makonni kuma ya fid da lantarki daga motsin maganaɗisu. Janareta da taransifoma duk daga nan suka fito, kuma yawanci a nan masu ba da labarinsa su kan tsaya. A ganinmu abin da ya yi daga 1836 zuwa 1838 ya fi wannan zurfi, sai dai ba shi da ban mamaki ga ido.

Ga yadda maganar ta ke. Masana lissafi na zamanin, musamman na Faransa, sun ɗauka caji biyu na lantarki suna jan juna ko suna tunkuɗe juna daga nesa, kai tsaye, ba ruwansu da abin da ke tsakani. Lissafinsu yana fita daidai, saboda haka ba su ga abin tambaya ba. Faraday ba ya iya bin lissafin, sai ya zama dole ya sami abin da zai gani a zuci. Ya saba barbaɗa garin ƙarfe kewaye da maganaɗisu ya ga ya jeru layi layi, sai ya yi zaton haka lantarki ma ya ke, watau akwai layukan ƙarfi da ke tashi daga caji mai ƙari su ratsa fili su sauka kan mai ragi. In haka ne, filin da ke tsakanin ƙarfe biyu na ma'aji, wanda kowa ya ɗauka wofi ne, a nan aikin ya ke.

Ya fara da wani gwaji mai ban tsoro. Cikin Janairu, 1836, ya gina akwaku a zauren lacca, tsawo ƙafa 12, faɗi 12, tsayi 12, ya naɗe shi da waya, ya rufe da takarda da takardar ƙarfe, ya raba shi da ƙasa. Ya sa aka ɗura masa lantarki har tartsatsi yana ta fita daga jikinsa ta waje, shi kuwa ya shiga ciki da kyandir da kayan awonsa mafi laushi ya zauna. Ko ƙwayar alama bai gani ba. Dalili, a cikin ɗakin ƙarfe ko'ina matsayin lantarki ɗaya ne, babu tudu babu kwari, don haka babu abin da zai tura caji ko'ina. Wannan ne ya sa wanda ke cikin mota mai rufin ƙarfe ya kan tsira in tsawa ta faɗa mata.

Tun da mun ambaci tudu da kwari, bari mu tsaya mu bayyana, gama in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. A ɗauki faifai biyu na ƙarfe, shimfiɗaɗɗu, a kafa su suna duban juna da ɗan rata tsakani. A haɗa su da batir har ɗaya ya cika da caji mai ƙari, ɗaya da mai ragi, bambancinsu ya zama bolt 100. Yanzu a kawo ɗan mitsitsin abu mai caji na ƙari a sa shi cikin ratar. Faifai mai ƙari yana tunkuɗe shi, mai ragi yana jansa, a ko'ina cikin ratar kuwa ƙarfin turin ɗaya ne, in dai ba a kusanci gefe ba. Sai ka ce gangara ce miƙaƙƙiya wadda ido ba ya gani, faifai mai ƙari shi ne kan tudu, mai ragi shi ne gindinsa.

Wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya riga ya san sauran. In kana jawo guga kana kashe ƙarfinka, amma ƙarfin bai ɓace ba, yana ajiye ne saboda bisan da gugan ya yi. Saki igiyar ka gani, zai koma ƙasa da gudu, ajiyayyen ƙarfin nan ya zama ƙarfin gudu. Haka ɗan cajin nan. In ka tura shi daga faifai mai ragi zuwa mai ƙari, hawa ya ke yi, sai ka yi aiki, ajiyayyen ƙarfinsa yana ƙaruwa da kowane taki. In ya kai tsakiyar rata ya sami rabi, watau ya hau bolt 50. In ka sake shi daga sama sai ya gangaro da kansa, ajiyayyen ƙarfin yana raguwa, gudunsa yana ƙaruwa, abin da wannan ya rasa shi wancan ya samu, ba ƙari ba ragi. In kuwa ka ja shi a kaikaice, bai kusanci wannan faifai ba bai kusanci wancan ba, ba abin da ya sake, kamar mai ɗauke da tulu yana tafiya a fili sosai. Kuma ko ta wace hanya ka bi da shi, miƙaƙƙiya ko karkatacciya, lissafin bai dubi hanya ba, sai inda ya tashi da inda ya sauka.

Ƙa'idar awon gajeriya ce: a riɓa yawan caji da yawan bolt ɗin da ya hau ko ya sauka, abin da ya fito shi ne ƙarfin da ya samu ko ya rasa. Ana auna caji da kulom, ƙarfi kuma da jul. Kulom 1 in ya haye bolt 100 ya ci jul 100, kusan aikin ɗaga guga mai kilo 10 sama mita 1. Amma kulom guda caji ne mai yawan gaske. Ɗan cajin da mu ke misali da shi, a ce kashi ɗaya ne cikin miliyan na kulom, to, rabonsa kashi ɗaya cikin 10,000 na jul. Abu guda da ya kan rikita ɗalibai shi ne caji mai ragi, gama a gare shi gangarar a juye ta ke, faifai mai ragi ne tudunsa, mai ƙari ne kwarinsa. Ƙwayar nan da a ke kira ilaktoron, wadda aka gano a Kambirij a 1897, shekara 30 bayan mutuwar Faraday, cajinta mai ragi ne. In ta tashi daga faifai mai ragi, cikin ratar da aka zuƙe wa iska, ta faɗa bolt 100, za ta isa ɗaya faifan tana gudun kusan kilomita 5,900 a daƙiƙa ɗaya, saboda tsananin rashin nauyinta. Wanda ya gano ta ma da faifai biyu irin waɗannan ya karkata tafiyarta har ya auna ta.

Har ila yau wannan misali ya nuna mana yadda ma'aji ke cika. Cika shi ba kome ba ne sai kwasar caji daga faifai ɗaya ana kai wa ɗayan. Da fari babu tudu, kai cajin farko ba wuya. Amma kowane kaya da aka kai yana ƙara wa tudun tsayi, na bayansa sai ya fi shan wahala, kamar maginin da ke jefa tubali sama, gini na tashi jifa na ƙara nisa. Don haka ƙarfin da ke cikin cikakken ma'aji rabin abin da za a samu ne in an riɓa dukan cajinsa da bolt ɗinsa na ƙarshe. Ma'ajin da ya riƙe kashi ɗaya cikin 10 na kulom a kan bolt 100, jul 5 ke cikinsa, ba 10 ba.

To, mu koma ga Faraday. Shi bai yi magana da jul da bolt ba, waɗannan ma'aunai daga baya aka tsara su. Tambayarsa ita ce, gangaran nan, faifan ne kaɗai ke yin ta daga nesa, ko abin da ke cikin ratar yana da hannu? In maganar masu lissafi ita ce dukan gaskiya, sake abin da ke tsakani bai kamata ya sake kome ba. A 1837 ya sa aka ƙera masa ma'aji biyu iri ɗaya sak. Kowanne ƙwallon tagulla ne mai faɗin inci 2 da sulusi, a rataye cikin wani ƙwallon tagulla mai rami, faɗinsa wajen inci 3 da rabi, wanda a ke iya buɗe shi gida biyu kamar ƙwarya da murfinta. Sai ya cika ɗaya da lantarki ya auna, sa'an nan ya haɗa shi da ɗan'uwansa su raba. Da iska ce a ratar duka biyu, suka raba daidai wa daida. Sai ya cika rabin ratar ɗayan da wani irin ƙaro da a ke kira shalak, ya sake gwadawa. Mai ƙaron ya kwashi kashi ɗaya da rabi, mai iska ya tsira da kashi ɗaya. Ya lissafta da ƙaron ya cika ratar duka, da cin ma'ajin ya ninka wajen sau 2. Ya gwada farar wuta ya ga ta ɗan ɗara haka, ya gwada gilashi da waɗansu abubuwa, kowanne da nasa adadi. Ya maimaita, ya musanya ma'ajin biyu, ya bi duk wata kafa da kuskure zai shigo ya toshe, kafin ya kai wa Royal Society bayanin a ƙarshen shekarar.

Ma'anar wannan ga ɗan cajinmu mai tafiya ita ce, in an cika faifai biyu har bolt 100, aka cire batir, sa'an nan aka cika ratar da ƙaron nan, cajin faifan yana nan yadda ya ke, amma tudun ya faɗo zuwa wajen bolt 50. Faraday ya bayyana dalili da cewa kowace ƙwaya ta ƙaron ta kan ja, gefenta ɗaya ya karkata wajen ƙari, ɗayan wajen ragi, su jeru baki da baki daga faifai zuwa faifai, su rage kaifin gangarar. Ƙaron yana cikin wani irin ɗauri ke nan, kamar baka da aka ja tsirkiyarsa. Abin da Firanklin ya hanga cikin gilashin kwalba, ga shi an auna shi da lamba. Wani attajirin masani, Henri Kabendish, ya riga ya gano wannan tun wajen 1771, amma ya rufe takardunsa a akwati, ba a buga su ba sai 1879. Faraday bai taɓa ganinsu ba, kuma ilmin da aka kulle a akwati shekara ɗari bai amfani kowa ba.

Aikin ya ci jikinsa. A ƙarshen 1839 ya kwanta da jiri da mantuwa, ya yi shekaru bai yi wani bincike mai nauyi ba, har aka kai shi Suwizalan hutawa a 1841. Ya farfaɗo, a 1845 ya nuna maganaɗisu yana iya murɗa haske cikin gilashi, amma mantuwar ba ta rabu da shi ba. Manyan masu lissafi kuwa suka riƙa duban layukansa na ƙarfi kamar tatsuniyar wanda bai yi makaranta ba, suna yabon gwajinsa suna kau da kai daga bayaninsa.

Sai ga shaida ta fito daga inda ba a zata ba, daga wajen 'yan kasuwa. An fara shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin teku, ana rufe ta da wani danko na itatuwan ƙasar Malaya, sai aka ga saƙo yana nauyin tafiya, alamomi suna shiga cikin juna. A 1853 aka gayyaci Faraday ya duba waya mai tsawon mil 100 da aka naɗe aka nutsar cikin ruwa. Ya haɗa ta da batir, ya cire, ya taɓa, ta fizge shi. Waya irinta da aka ajiye a busasshen ɗaki ba ta yi haka ba. Nan da nan ya gane abin: jan ƙarfen ciki faifai ɗaya ne, ruwan waje faifai na biyu, dankon kuwa shi ne gilashi. Ashe kwalbar Laidin ce mai tsawon mil 100, dole sai ta sha ta ƙoshi kafin saƙo ya fita ta ɗaya bakin. Ya bayyana haka a farkon 1854. Waɗanda suka shimfiɗa wayar farko tsakanin Turai da Amurka a 1858 ba su ba wannan magana nauyinta ba. Gaisuwar Sarauniya Biktoriya, kalma 98, ta ɗauki wajen sa'a 16 kafin ta gama isa, mai kula da wayar ya yi ta ɗura mata lantarki mai tsanani don ya tilasta ta, cikin 'yan makonni ta mutu. Sai a 1866 aka sami wadda ta ɗore.

A wajen lissafi ma ya sami mai fassara shi. Wani saurayi mutumin Sikotilan, Jems Kilak Makswel, ya karanta littattafan gwajinsa tun daga farko, ya ga ashe tunanin mutumin nan lissafi ne tsantsa, alamomin ne kawai babu. Daga 1855 ya shiga mai da layukan ƙarfi cikin harshen lissafi, har ya kammala da babban littafinsa a 1873. A cikin wannan lissafi ƙarfin da ma'aji ya ajiye ana ƙidaya shi ne cikin filin da ke tsakanin faifan, ko da an zuƙe iskar babu ƙwayar kome a ciki, kuma haka a ke koyarwa har yanzu. Faraday ya ga farkon aikin Makswel da ransa, ya rubuta masa yana murna, yana kuma mamakin yadda maganarsa ta jure wa lissafi.

Game da halinsa, mutum ne wanda kuɗi da girma ba su dame shi ba. A 1830 ya sami fiye da fam 1,000 daga aikin da ya ke yi wa 'yan kasuwa da kotuna, sai ya rage wannan aiki don ya sami lokacin bincike. Sau biyu aka nemi ya shugabanci Royal Society ya ƙi. Ya yi kusan shekara 30 yana ba da shawara kan hasumiyoyin fitila na bakin teku, yana hawansu da kansa har da tsufa. Abin da ya fi so shi ne koya wa yara. Laccocin Kirsimeti na yara da aka fara a gidan bincikensu a 1825, shi ya gabatar da su sau 19, mafi shahara a cikinsu kuwa a kan kyandir guda ne, yadda ya ke ci da abin da ya ke zama.

A 1858 Sarauniya ta ba shi gida a Hampton Court. Mantuwa ta yi ta ƙaruwa har ya kan maimaita gwajin da ya riga ya yi bai sani ba, ya yi laccarsa ta ƙarshe a 1862. Ya rasu a kujerarsa cikin ɗakin karatunsa ran 25 ga Agusta, 1867, saura wata guda ya cika shekara 76. Tun da rai ya nuna ba ya son a kai shi Westminster inda a ke binne sarakuna da manyan ƙasa, aka binne shi a maƙabartar Highgate, 'yan'uwa da abokai kaɗan suka raka shi. A 1881 masana lantarki na ƙasashe suka taru a Faris suka tabbatar da sunayen ma'aunai, suka ce ma'ajin da ya riƙe kulom 1 a kan bolt 1, cinsa farad 1 ne. Ma'aunin ya zo da girma ƙwarai, har yawancin waɗanda ke cikin rediyo da fanka da kashi ɗaya cikin miliyan na farad a ke ƙidaya su.